Baƙin da ke bangon bayi da tarin daren yaro: amsa ga wata uwa a Sabuwar Unguwa

Wata baiwar Allah daga Sabuwar Unguwa nan cikin Katsina ta turo mani tambaya, tace suna haya ne a ɗaki ciki da falo mai bayi a ciki, tun da damina ta kankama wani baƙi-baƙi ya fito a silin ɗin bayin da kusurwar bango, ta wanke da Hypo ya fi sau nawa amma bayan sati biyu sai ya dawo, ga wani wari kamar na tsumman da ya kwana a jiƙe. Ɗanta mai shekara 4 kuma ya kama tarin dare, wani lokaci ƙirjinshi har ƙara yake, an sayo maganin tari da antibayotik a kemis sau uku ba a ga canji ba, amma da suka je Daura wajen kakarshi suka yi kwana goma tarin ya lafa. A gida ana ce mata sanyi ne ya kama shi. Tace shin wannan baƙin ne ke sa mashi tari ko kuwa dai sanyin ne.

Toh ƙanwata, Allah ya ba yaro lafiya. Na daɗe ina aikin jinya a sashen yara kuma irin wannan labarin naki duk watan Agusta zuwa Satumba sai mun ji shi, shi yasa zan ɗan tsawaita.

Wannan baƙin ba datti ba ne, hunhuna ce, wadda wasu ke cewa fumfuna, irin dai wadda ke fitowa kan burodi ko tuwon da ya kwana biyu a rufe. Abu ne mai rai, yana ci yana girma yana zuba iri. Ba ɗaya take da gansakuka ba, ita gansakuka koriya ce mai santsi kuma tana son inda haske ke kaiwa kamar bakin rariya ko gefen tanki a tsakar gida. In kina son ki tabbatar, ki ɗiga ruwan Hypo kaɗan a wurin, in hunhuna ce cikin minti ɗaya ko biyu za ki ga baƙin ya dusashe, in kuma hayaƙi ne ko ƙura zai tsaya yadda yake. Akwai kuma wani farin gari mai kamar gishiri da ke fitowa a ƙasan bango yana tayar da fenti, shi ba hunhuna ba ne, gishirin siminti ne da ruwa ya turo waje, amma shi ma shaida ce cewa bangon yana shan ruwa.

Yadda take taɓa yaro kuwa ta iska ne. Hunhuna tana sakin iri ƙanana ƙwarai, da yawansu ba su kai kashi ɗaya cikin goma na kaurin silin gashi ba, ido ba ya ganinsu, suna yawo a ɗaki ana shaƙa, kuma saboda ƙanƙantarsu suna wuce hanci su sauka har cikin ƙananan hanyoyin iska na huhu. Warin nan da kike ji shi ma daga jikinta yake fita. Babba mai lafiya sau da yawa jikinshi na share su ba tare da ya ma sani ba, shi yasa maigida zai ce ai ni ban ji komai ba. Amma yaro hanyoyin iskarshi sirara ne, kumburi kaɗan ya isa ya matse su, yana numfashi da sauri fiye da babba, kuma shi ne ke kwana awa goma ko fiye a ɗakin nan ƙofa a rufe taga a rufe, sau da yawa ma a katifar ƙasa jikin bangon da ya raba ɗaki da bayi. In jikin yaron na cikin masu ƙin irin wannan ƙurar sai ki ga atishawa da safe, hanci a toshe ko yana yoyon ruwa fari, ido na ƙaiƙayi, tari busasshe da ke tashi tsakar dare ko gab da asuba, da wannan ƙarar ƙirjin mai kamar ana busa usur a hankali.

Ba zancen baka ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'idoji na musamman a 2009 kan danshi da hunhuna a cikin gidaje, kuma abin da ta tsaya a kai shi ne masu zama a gida mai danshi ko hunhuna sun fi fuskantar matsalar numfashi da ciwukan ƙirji da tashin asma. Kafin nan a 2007 wasu masana a Amurka sun tattara bincike da dama suka ga danshi da hunhuna a gida na ƙara yiwuwar tari da ƙarar ƙirji da alamomin asma da wajen kashi 30 zuwa 50 cikin ɗari. A Ingila ma akwai yaro ɗan shekara 2, Awaab Ishak, iyayenshi 'yan asalin Sudan, ya rasu a Disamba 2020 a garin Rochdale kusa da Manchesta, kuma binciken kotu a Nuwamba 2022 ya tabbatar daɗewar da ya yi yana shaƙar hunhuna a gidan hayarsu ce ta jawo, har aka yi doka da sunanshi da ke tilasta masu gidajen hayar talakawa su gyara irin wannan cikin lokaci. Ban kawo wannan don in tayar maki da hankali ba, irin wancan ba kasafai yake faruwa ba kuma gidansu hunhunar ta yi yawa ƙwarai an daɗe ana kai kuka. Na kawo ne don in maigida ko mai gidan haya ya ce ai ɗan baƙi ne kawai, ki san kina da hujja.

Zancen Daura da kika yi shi ne ya fi ɗaukar mani hankali a duk tambayarki. Yaron da ke tari a gida, ya bar gida ya samu sauƙi, ya dawo tari ya dawo, to akwai abin da yake shaƙa a gidan. Sanyin Daura da na Katsina ai kusan ɗaya ne, in da sanyi ne da can ma zai yi. Kuma ina kyautata zaton gidan kaka irin ginin da ne, makewayi can ƙarshen gida, sama a buɗe, rana ta doke shi ya bushe kafin azahar. Mu yanzu mun shigo da bayi cikin ɗakin kwana, mun binne fayif cikin bango, mun bar 'yar taga kamar tafin hannu wasu ma babu, sannan saboda ƙarancin ruwa mun jera bokitai da jarkoki a buɗe a ciki, ana wanka da ruwan zafi tururi ya tashi ya manne a silin, in da mai jego a gidan abin ya ninka, da damina kuma a shanya wankin yara da tawul a ciki don kar ruwa ya doke su. Ina ruwan nan duk zai je?

Sai dai zan gaya maki gaskiya, kar ki ɗora komai kan hunhuna ita kaɗai. A ɗakunanmu tana da abokan aiki. Maganin sauro na kunnawa da ake barin shi yana ci har safe, turaren wuta a rufe ƙofa don ya kama labule, hayaƙin gawayi ko itace in ana girki kusa da ɗaki, janareta a bakin taga, sigari in akwai mai sha, kyankyasai da su ma danshin bayi ke tarawa, da tsohon kafet da ya sha ƙura. Duk waɗannan suna tayar da ƙirjin yaro kamar yadda hunhuna ke yi, in sun haɗu kuma abin ya fi muni. Na san turare ba ƙaramin abu ba ne a wajen mace, ba cewa nake ki daina ba, amma a kunna shi lokacin da yaron baya ɗakin, a buɗe taga ya fita kafin ya shigo kwana. Sauro kuma gidan sauro ya fi mashi.

Yanzu batun yaron kanshi, don shi ne gaba da bango. Tarin dare da ke dawowa tare da ƙarar ƙirji, ba zazzaɓi, antibayotik sau uku bai yi komai ba, wannan ya isa a kai shi likita ya saurari ƙirjinshi ya duba ko asma ce. Dan Allah a dakata da sayen antibayotik a kemis, shi ƙwayoyin cuta yake kashewa, baya buɗe hanyar iskar da ta kumbura, sai dai ya ɓata ma yaro ciki kuma ranar da ake buƙatarshi da gaske ya ƙi aiki. Maganin tari na kwalba ma mafi yawansu ba su da wani amfani ga ɗan shekara 4, masu kodin kuwa tun 2018 gwamnati ta hana, kar ki bari kowa ya ba shi. Ki kai shi asibitin Turai na mata da yara, ko babban asibiti, ko asibitin koyarwa na tarayya, duk wanda ya fi maki sauƙi. Kuma tunda tarin ya wuce sati biyu ki ce a duba tarin TB ma, musamman in yana ramewa ko gumin dare ko akwai babba mai tsohon tari a gidan, gwajin da maganin kyauta ne a asibitocin gwamnati.

In likita ya rubuta inhela, wato maganin nan da ake fesawa a baki a shaƙa, kar ki ji tsoro. Wallahi wannan tsoron yana cutar da yara da yawa a garin nan, uwa ta ce in ya fara shaƙa ya saba shikenan har abada, sai a ɓoye inhelar a koma siro. Ba ta sa sabo. Shuɗiyar nan ta salbutamol, wadda aka fi sani da Ventolin, buɗe hanya take cikin mintuna in ƙirji ya matse, kuma maganin da ke shiga jiki ta inhela ya fi na siro ƙanƙanta nesa ba kusa ba saboda kai tsaye huhu yake zuwa. Akwai kuma ta rigakafi da ake shaƙa kullum in likita ya ga tashin ya yi yawa. Yaro ƙarami baya iya haɗa fesawa da jan numfashi, don haka ana haɗa mashi da wata 'yar roba da ake fesa maganin a ciki ya shaƙa a hankali, in ba a samu ta saye ba ana yin ta da gorar ruwa ta rabin lita kuma tana aiki, ki ce ma nas ta nuna maki yadda ake yi a gabanki.

Akwai alamomin da in kin gani ba a jiran safiya. In kin ɗaga rigarshi kika ga ƙasan haƙarƙari na lotsawa ciki duk jan numfashi, ko ramin wuya na shiga, hanci na buɗewa, ya kasa magana ko shan ruwa saboda haki, leɓe ko harshe ya canza ya yi duhu, ko ya yi laushi yana ta barcin da ba na lafiya ba, ki ɗauke shi a tafi ko ƙarfe nawa ne. Ki koyi ƙirga numfashi ma, lokacin da yake kwance shiru ki duba agogon waya minti ɗaya cif. Ɗan shekara 1 zuwa 5 in ya kai 40 ko fiye ya yi sauri, ɗan wata 2 zuwa shekara 1 kuma 50, jariri ƙasa da wata 2 kuwa 60. In da zazzaɓi a tare ana tunanin nimoniya, ita kam tana son antibayotik amma likita ne zai zaɓa. In kuma a gidan akwai jariri sabon haihuwa, ko mai sikila, ko yaro mai tamowa, ko wanda garkuwar jikinshi ta yi rauni, ko wanda ya taɓa yin TB, su a nisanta su da ɗakin tun yau, don akwai wata hunhuna da ake kira Asfajilas, danginta ne ke ɓata gyaɗa da masara a rumbu, tana iya kama huhun mai rauni ta zauna a ciki.

Mu dawo bango. Kin ce kin wanke ta dawo, dole ta dawo, domin kin kashe ta sama ne amma ruwan da ke ciyar da ita yana nan. Hunhuna ba ta rayuwa sai da danshi, wuri in ya jiƙe ya wuce kwana ɗaya zuwa biyu bai bushe ba ta samu gida. Don haka aikin farko neman inda ruwan ke fitowa. Ki duba ƙarƙashin wajen wanke hannu da bayan masai ko akwai ɗiga, ki shafa bangon ta ɓangaren ɗakin kwana ki ji ko yana da sanyi da laima, ki jawo wadirof da katifa ki leƙa bayansu, sau da yawa abin da ke can ya fi na bayin yawa kuma shi ne kusa da hancin yaro. Tabo mai ruwan ƙasa zagaye a silin yoyon kwano ne ko tankin sama da ke ambaliya. In ruwa na kwanciya a ƙasan bayi baya gangarawa rariya, ko sokawe ya cika yana turowa, shi ma ya isa. Ga wata dabara mai sauƙi, ki samu leda ki manna ta a bangon da salatif ta ko'ina kar iska ta shiga, ki bar ta kwana biyu. In kin ɓare kika ga ruwa ta cikin, ta ɓangaren bango, to daga cikin bango yake fitowa, aikin filamba ne ko magini. In ta waje ya taru, tururi ne da rashin iska, wannan ke da kanki za ki iya maganinshi.

Kuma mu a nan Allah ya ba mu wata alama da mutanen kudu ba su da ita. Garinmu busasshe ne, daga Nuwamba zuwa Afrilu iska kanta tana tsotse ruwa har leɓe ya tsage. Hunhunar da tururin damina ya kawo za ki ga ta ja baya in hunturu ya shigo. Wadda ta ci gaba da yaɗuwa a Fabrairu da Maris kuwa, akwai wani wurin da ruwa ke zuwa mata, sau da yawa fayif ne da ya fashe a bango ko ƙarƙashin tayil, kar wani ya ce maki damina ce.

Wajen wankewa kuma a nan mata da yawa ke ji ma kansu ciwo. Ki fitar da yara daga ɗakin gaba ɗaya, ki buɗe ƙofa da taga, ki sa takunkumi da safar hannu. Kar ki kankare ta a bushe ko ki share da tsintsiya, irin ne za ki watsa cikin iska, ki fara jiƙa wurin da ruwan omo ki goge da buroshi. Tayil da siminti sabulu da ruwa ma na fitar da ita. In za ki bi da Hypo ko Jik ki sirka, misalin rabin ledar fiya wata na Hypo a cikin ruwa leda 8, ya isa, zuba shi tsagwaronshi baya ƙara komai sai yaji a ƙirji. Ki bar shi kamar minti goma ki ɗauraye ki tsane wurin da tsumma. Babban abin da nake roƙonki, kar ki taɓa haɗa Hypo da Harpic, ko da asid ɗin wanke tayil, ko da khal, ko wani maganin wanke bayi. Haɗin yana tayar da iskar gas mai guba da ke ƙona huhu, na taɓa karɓar wata yarinya mai aikin gida da ta yi wannan haɗin a bayi ƙofa a rufe, da ƙyar take jan numfashi aka kawo ta, kuma don tana son wurin ya yi fes ne kawai. Yaron kuma kar ya dawo ɗakin sai warin ya fita tas, don shi kanshi warin Hypo yana tayar da asma.

Abin da ke shan ruwa kamar silin na kwali, katako da ya ruɓe, kafet, ko katifar da hunhuna ta shiga cikin sosonta, wanki baya fitar da ita, cirewa ake a canza. Fenti kuma kar a shafa a kanta, rufe ido ne kawai, wata biyu za ta huda ta fito, sai an gyara yoyon an kankare bango ya bushe sarai sannan a yi fenti. In wurin da ta kama ya fi misalin mita ɗaya tsawo da faɗi, ko silin ne ya jiƙe ya lanƙwaso, wannan ya wuce aikin ki ke kaɗai.

Na yau da kullum kuma ba kuɗi yake ci ba. Bayan wanka a kore ruwan ƙasa zuwa rariya a goge, a buɗe tagar bayi a sa mata raga saboda sauro, a ja ƙofar da ke tsakanin bayi da ɗaki don tururin ya fita waje ba ya shigo inda ake kwana ba. Bokitai da jarkoki a rufe su. Tawul da soso da wanki su fita rana, katifa da filo ma a riƙa fitar da su suna shan rana, wadirof a janye shi daga bango kamar faɗin hannu. Tagar ɗaki a buɗe ta da hantsi ko da awa ɗaya ce, na san ana tsoron sanyi ya kama yaro amma iskar da ke shiga ta fita ba ita ke sa tari ba. In bayin ba shi da taga sam, a fasa bulo ɗaya ko biyu ta sama a sa raga, ko a sa 'yar fankar nan mai zuƙe iska waje.

Tunda haya kuke, gyaran fayif da kwano da fasa taga sai da mai gida. Ki ɗauki hoto da waya yau, ki sake ɗauka bayan sati biyu, Abban yaron ya je mashi da hotunan da takardar asibiti, a yi magana ta mutunci, a nuna mashi ruwan nan ginin shi yake ci, ko a yi yarjejeniya ku gyara a cire a kuɗin haya. In ya ƙi ji akwai mai unguwa, akwai kuma duba-gari a ƙaramar hukuma, aikinsu ne. Su Hajiya masu cewa sanyi ne kuma kar ki yi musu da su, son yaron ne ya sa, ki dai tuna masu yadda ya samu sauƙi a Daura.

Kafin a kai ga gyaran, daga daren yau ki maida shimfiɗarshi falo ko duk inda ya fi nisa da bangon bayin, cikin gidan sauro, ba maganin sauro na kunnawa ba turare. Ki samu ɗan littafi ki riƙa rubuta kowane dare, ya yi tari ko bai yi ba, ƙarfe nawa, an ji ƙarar ƙirji ko ba a ji ba, in ya yi ƙarar ma ki ɗauka a waya don sau da yawa kafin a isa asibiti da safe ƙirjin ya washe likita bai ji komai ba. Ki tafi da littafin da kwalaben magungunan da aka ba shi a kemis duka ranar da za ku ga likita, kuma kar ki jira sai littafin ya cika, cikin satin nan ku je.